AKUYAR HARAJI

 Na san da yawanku da kun ga kalmar haraji za ku ce to mu ina ruwanmu, ai wannan maganar maza ce, su da gwamnatinsu. Ni ma haka na ɗauka da, sai da na tuna da wata akuya da kakata ta wajen uwa take yawan ba mu labarinta muna yara, sannan na gane ashe tun fil azal sunan namiji ake rubutawa a takardar haraji, amma sau tari daga ɗakin mace kuɗin ke fitowa.

Mu Inna muke ce mata, Allah Ya jiƙanta da rahama. A wani ƙauye na ƙasar Kano ta yi zaman aurenta tun zamanin En'e, lokacin ana kashe fam da sule da sisi. Ta ce kowace shekara da bazara takan sayi 'yar akuya ramammiya da araha, ta ɗaure ta a bayan ɗaki, tana ba ta dusa da ruwan tsari da harawa. Wannan akuya ba ta suna ba ce, ba ta salla ba ce, ko baƙo ya zo daga Makka ba a yanka ta. Sunanta akuyar haraji. Da kaka ta yi, aka ji sanƙira ya fara shela cewa takarda ta iso gidan dagaci, sai ta ba wani ƙanen mijinta ya ja ta kasuwa, kuɗin kuma ta damƙa wa maigida ya je ya karɓo takardarsa.

Muka ce, "To Inna, me ya hana shi ya sayar da gero ya biya?"

Sai ta yi dariya ta ce, "Ku yara ne. Ai da kaka kowa gero yake fitarwa, saboda kowa haraji ke binsa, hatsi ya faɗi warwas. Wanda ya buɗe rumbunsa a lokacin, shi ne za ki gani da damina yana awon mudu da tsada, ko yana ƙwadago a gonar wani tasa tana cin ciyawa. Gara akuya ta tafi rumbu ya zauna."

Kuma kada ki ɗauka kyauta take ba shi. Rance ne, ta ce yana rubuce a kanta, in ya sayar da gyaɗa ya biya ta, ta sake sayen wata akuyar. Wannan ita ce dabarar da yanzu masu ilimin boko suke yi wa dogon suna, wato mutum ya san abin da za a nema a hannunsa, ya san lokacin da za a nema, ya shirya tun kafin ranar ta zo. Inna ba ta san ko bihim ba a boko, amma ba a taɓa shanya mijinta a rana a ƙofar gidan dagaci ba, kamar yadda ta ce ana yi wa waɗanda suka kasa biya.

Shi haraji a ƙasar Hausa ya girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali a hannun Fulani makiyaya. Sarki Sharefa kuwa, daga 1703 zuwa 1731, ya ƙirƙiro kuɗaɗe iri-iri, a ciki har da wanda ake biya a kan budurwa idan za a yi mata aure, da na kasuwar Kurmi. Kin ji fa, 'yar uwa, har auren budurwa an taɓa sa wa kuɗi! Wanda ya gaje shi, Kumbari, ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai ma, sai Larabawa 'yan kasuwa suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina. Irin waɗannan karɓe-karɓe na cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a kan sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, domin ba su da tushe a shari'a.

Abin da ke da tushe shi ne zakka, kuma a nan nake so ki tsaya ki lura, domin duk wani rangwame da za mu yi magana a kansa nan gaba, akwai irinsa a cikinta. Zakka ba ta hawa kan kowa sai wanda ya kai nisabi. Mai awaki 39 ba a binsa komai sai sun cika 40, mai shanu sai sun kai 30. Manomin da ruwan sama ya shayar masa da gona yana fitar da ɗaya bisa goma, amma wanda ya sha wahalar ban ruwa da jigo ɗaya bisa ashirin zai fitar, wato an duba wahalarsa an rage masa rabi. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, sarƙa da 'yan kunne da awarwaron da mace take ado da su babu zakka a kansu. Ashe dai tun asali an san ba a aske kowa da aska ɗaya.

Sai dai ko bayan jihadi ba zakka kaɗai aka ci gaba da karɓa ba. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, kowace karofin rini kuma wuri 700. Akwai kuma kuɗin rafi a kan kayan lambu. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su kawo sabon abu daga ƙasarsu ba, tarar da wannan suka yi, suka harhaɗa shi wuri guda da dokar 1906, suka bar sarki da hakimi da dagaci su riƙa tarawa, a raba tsakanin gwamnati da baitulmali. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu bin gona suna auna ta da taku don a san abin da za a yanka wa mai ita.

Babban canjin da Bature ya kawo shi ne ya ce ba ya son wuri, ba ya son dami, tsabar kuɗinsa yake so. To talaka ina zai samo sulen Bature? Sai ya noma abin da Bature ke saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kowa ya duƙufa. Wanda gyaɗa ba ta yi masa ba ya tafi cin rani, wani har Kurmi, wani haƙar kuza a Jos. Kuma ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba takarda sai ta zo, har a yunwar 1914 da ta ci mutane ba adadi ba a daina karɓa ba.

A nan ne mata suka shigo da ƙarfinsu, duk da cewa galibinsu suna cikin kulle. Gyaɗar nan da aka noma, mata ke ɓare ta, su soya, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli. Ga kaɗi, ga fura, ga dakau, ga kiwon kaji. Inna ta ce su ma adashinsu da lissafi suke yi, mace takan roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo daidai kaka. Wadda kuma ba ta shirya ba, ranar da abin ya tsananta tasoshinta na jere ne za a kai jingina, ko zanen aurenta. Ta ce ta san wata maƙwabciyarta da aka fitar mata da tukunyar ƙarfe da tabarma aka yi gwanjonsu a bainar jama'a saboda sule kaɗan da suka rage wa mijin, matar nan ta yi wata guda ba ta shiga gidan biki ba don kunya.

Amma fa akwai waɗanda aka ɗauke wa. Tsoho tukuf da makaho da kuturu da gurgu ba sa biya, yaro kuma sai ya balaga ake cewa ya shiga haraji. Sai dai ɗaukewar ba ta zuwa da kanta har gida. Dole wani ya tashi ya je gaban dagaci ya ce ranka ya daɗe, babanmu fa ƙarfinsa ya ƙare, a cire sunansa. In ba a je ba, sunan na nan, har wanda ya mutu ma Inna ta ce an sha biya masa saboda ba wanda ya je ya sa aka goge shi. Ita da kanta ta tura aka yi wa surukinta wannan magana shekara biyu a jere kafin a cire shi. Masu wayon banza kuma suna nasu: a ɓoye saurayi a rumbu ranar ƙirga, Bafulatani ya kora rabin garkensa daji kafin malamin jangali ya iso. Wannan in an kama mutum tara ce da bulala, wani lokaci har gidan yari. Ki riƙe bambancin nan, neman rangwamen da doka ta ba ka daban, ɓoye abin da doka ta ce ka bayyana daban.

Mu a nan Arewa mata ta bayan fage suka ɗauki nauyin haraji, amma 'yan uwanmu na Kudu sai da suka fito fili. A 1928 aka fara karɓar haraji a hannun maza a ƙasar Ibo. A watan Nuwamba na 1929, a wani gari da ake kira Oloko, aka aiko wani ya ƙirga mutane da dabbobi, ya shiga gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa. Mata suka ce tunda aka ƙirga maza aka sa musu haraji, to wannan ƙirgar tamu ce. Dubban mata suka taru daga garuruwa, suka rufe kotuna, suka tsige hulunan sarakunan da Bature ya naɗa, abin ya kai har Aba. Sojoji suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka rasu. A Abekuta kuwa, inda mata ke biyan nasu na kansu, Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci matan kasuwa a 1947 da 1948 suna kwana a ƙofar fada, har aka soke harajin da aka yanka wa mata, sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadonsa a farkon 1949, sai daga baya ya dawo. Ni dai duk lokacin da na ji an ce mace ba ta san lissafin hukuma ba, waɗannan nake tunawa.

A wajenmu maganar ta koma ta siyasa. Tun da aka kafa NEPU a 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa ba su da waƙar da ta wuce zaluncin da ake yi wa talaka wajen haraji da jangali da aikin tilas. Sai a 1979, da PRP ta ci Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka ba da sanarwar soke su. Inna tana da rai a lokacin. Ta ce shekarar nan ta riga ta sayi akuyarta, da kaka ta yi ba wanda ya zo, sai ta bar ta ta haihu.

To amma kin san an ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. An soke na ƙofar dagaci, wasu suka shigo ta taga. Mai albashi tun kafin kuɗin su iso hannunsa an yanke. A ranar 1 ga Janairu 1994 kuma aka fara harajin kayan masarufi da ake kira VAT, kashi 5 cikin ɗari, a watan Fabrairu 2020 ya koma 7.5. Wannan ba ya tambayar ke mace ce ko namiji, yana cikin kuɗin katin waya da turare da kayan ɗaki da kike saye. Sauƙin dai shi ne an ɗauke shi a kan abinci na yau da kullum da magunguna.

Shi harajin albashi da na riba, dokarsa ta 1993 ta zo da rangwame irin na mai iyali. A ƙarshen zamanin wannan tsari ana cire wa mutum naira 5,000 da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya samu, sannan naira 2,500 kan kowane ɗa har 'ya'ya huɗu, da naira 2,000 kan dangi masu rauni da yake ɗauke da su har mutum biyu. 'Ya'ya huɗu kacal, a ƙasar da wani ke da ashirin! Kuma ko wannan ɗin sai wanda ya cike takarda ya rubuta sunayen yaran yake samu. Na san gidaje da dama da maigida ya yi shekaru yana aiki bai taɓa cikewa ba, ana yanka masa kamar gwauro. Gyaran da aka yi a 2011 ya kawo dunƙulallen rangwame: naira 200,000 ko kashi 1 cikin ɗari na abin da mutum ya samu, duk wanda ya fi yawa, a ƙara da kashi 20 cikin ɗari.

A watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, aka sa ranar 1 ga Janairu 2026 ta zama ranar fara aiki da su. A ciki an cire wancan dunƙulallen rangwame. Maimakonsa an ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu komai a kansu, kamar dai nisabi, daga nan sai kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, yana hawa har ya tsaya a kashi 25 ga manyan masu samu. An bar cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho, da inshorar lafiya, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar rai. Sabon abin da aka ƙaro, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000.

Bari in yi miki lissafi a sauƙaƙe, domin wata ta ce mini wai gwamnati za ta riƙa biya wa mutane haya. A'a, ba haka ba ne. Ce maigidanki na ɗaukar naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, mu ajiye maganar fansho gefe don kada lissafin ya cakuɗe. A cire 800,000, saura miliyan ɗaya, kashi 15 nata naira 150,000 ke nan a shekara. In kuna biyan hayar naira 400,000, kashi 20 nata 80,000 ne, sai a rage su daga miliyan ɗayan nan, saura 920,000, harajin ya koma 138,000. Kin ga an samu rarar naira 12,000. Ba wasu kuɗi ne na a-zo-a-gani ba, amma ai ko kuɗin littattafan yaro guda sun rage. Masu zama a gidan gado ko gidan kansu kuwa ba su da rabo a wannan, kuma a ganina an manta cewa a garuruwanmu su ne da yawa, ga shi nauyin iyali bai ragu a kansu ba.

Ke kuma mai sana'a a cikin gida, mai ɗinki, mai sayar da atamfa da leshi, mai turaren wuta, mai abincin biki, yanzu da ciniki ya koma ta waya kuɗi na shiga asusunki na banki, wannan ya shafe ki. Doka ba ta ce a yanka a kan duk abin da ya shigo hannunki ba, a kan riba ne, bayan an cire abin da kika kashe saboda sana'ar kanta: sarin kaya, kuɗin mota, hayar shago, ladan yarinyar da ke taya ki, gyaran keke. Amma wa zai yarda kin kashe in ba ki rubuta ba? Tun gyaran 2011 aka ba hukuma damar yi wa wanda ba shi da rubutaccen lissafi ƙiyasi, wato a dube ki a yanka miki, kamar dai yadda dagaci ke duban girman rumbun mutum da kyan rigarsa ya ce kai ga naka. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mace ta haɗa kuɗin sari da kuɗin adashi da gudummawar biki da kuɗin cefanen da maigida ya turo duk a asusu ɗaya. Ranar da aka tambaye ki, da wane baki za ki rarrabe?

Inna tana da wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado, a ciki take ajiye takardun harajin kakanmu, shekara bisa shekara, an naɗe su da tsumma saboda gara. Ta ce in zai yi tafiya ita ke ɗauko masa ta shekarar, domin 'yan doka kan tare mutum a tasha ko bakin kasuwa su ce ina takardarka, in babu sai ya sake biya ko ya kwana a hannu. Bayan rasuwarta da aka zo rabon kaya ba wanda ya kula kwallar, ni na ɗauka. Takardun sun yi ja, wasu sun ruɓe, amma ana iya ganin hatimin En'e a jikin biyu ko uku.

A cikinta nake zuba nawa yanzu, rasiɗan sari da ɗan littafin da nake rubuta shiga da fita. Da muka tashi biyan hayar bana na ce wa maigidana don Allah ya karɓo rasiɗi mai ɗauke da suna da kwanan wata da adadin kuɗi, ya kai wa masu lissafin albashi a wurin aikinsu. Ya ce shi kunya yake ji, shekara tara suna tare da mai gidan nan ba su taɓa yin rubutu ba, kada dattijo ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Na ce to bari ni in shiga wajen Hajiyarsa. Na shiga da yamma da 'yar goro, muka gaisa, na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Au, dama abin da ake so ke nan? Ai sai ku faɗa." Washegari da safe ta aiko jikanta da takardar, Alhaji ya sa hannu har da dangwala yatsa.